Me Ya Sa Ba A Ƙara Girman Tankin Nama Kawai?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Bauchi, mahaifina kuma mahauci ne a kasuwar Muda Lawal. Na ji ana renon ƙwayoyin halittar dabba a cikin tanki har su zama nama. Me ya hana a ƙera ƙaton tanki a cika kasuwa? Kuma mene ne aikin lissafin kwamfuta a ciki?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Gaskiya ka ji. A 2013 Farfesa Mark Post na Jami'ar Maastricht ta ƙasar Holan ya gabatar da curin nama na farko irin wannan a Landan, kuɗin da ya ci kuwa sun haura dala 300,000. Singafo ta halatta sayar da irinsa na kaza a Disambar 2020, Amurka ta bi sahu a Yunin 2023. Amma har yau abin bai yawaita ba.

A kan takarda abin da sauƙi. Ƙwayar dabba takan rabu biyu kusan duk kwana guda in ta samu ɗumi na digiri 37 da abinci. In aka yi ta rabuwa biyu sau 30 kawai, ƙwaya ɗaya ta haura biliyan. Sai dai ba ta ɗorewa a haka. Tana cin abinci tana fitar da datti, wato sinadaran laktet da amoniya, su kuma suna taruwa a ruwan renon har su dakushe girmanta. Shi ya sa ake rubuta lissafi mai bin diddigin yawan ƙwayoyi da ragowar abinci da taruwar dattin, awa bayan awa. Tushensa na Jacques Monod ne, Bafaranshen da ya nuna a shekarun 1940 cewa saurin girman bakteriya yana bin yawan abinci har ya kai iyakar da ƙari ba ya amfani. Da wannan ake sanin lokacin ƙara abinci, da na sauya ruwa, da na kwashewa.

Inda gizo ke saƙar shi ne girman tankin. Tambayi duk matar da ta taɓa tuƙa tuwon biki: tukunyar mutum biyar daban, ta mutum ɗari biyar daban, ƙasa na ƙonewa tsakiya da gari. Idan ka ninka tsawo da faɗin tanki sau 10, cikinsa ya ninku sau 1,000, bangonsa kuwa sau 100 kacal. Ga oksijin ba ya narkewa sosai a ruwa, dole a riƙa hura shi ana juyawa. Ka juya a hankali, wani lungu ya rasa iska, ƙwayoyin can su shaƙe. Ka juya da ƙarfi, ko kumfa ya yi ta fashewa a sama, su yage, domin ƙwayar dabba ba ta da ɓawo mai tauri irin na yis ɗin burodi. A nan kwamfuta take raba tankin gida-gida, ta lissafa gudun ruwa da yawan iska a kowane gurbi, ta nuna inda ƙwaya za ta wahala tun ba a sayi ƙarfe ba. A ganina wannan ne babban amfaninta: gara tanki ya gaza sau ɗari a allo da ya gaza sau ɗaya cike da ruwan reno mai tsada.

Tsoka mai kauri irin ta balangu kuma wata matsalar ce. Ba tare da jijiyoyin jini ba, oksijin ba ya ratsa nama fiye da kusan kashi ɗaya cikin biyar na milimita, shi ya sa aka fi samun niƙaƙƙe.

Kada dai ka ɗauka lissafin ya gama komai. Yawancin ƙwarewar da ake da ita daga masana'antar magunguna ta fito, inda manyan tankuna ke cin kimanin lita 20,000, kuma ƙwayoyin wani ɗan ɓera mai suna hamsta aka fi renowa. Na saniya da na kaza halinsu daban, da yawansu ma sai sun samu abin maƙalewa kafin su girma. Dole a auna su a ƙaramin tanki, a gyara lissafin, a gwada a matsakaici, a sake gyarawa, kafin a doshi babba.