Kar ki jira Litinin, 'yar uwa

Wallahi tambayarki ta fama min tsohon miki. Kin ce tsohuwar da kike kula da ita ta kwana huɗu ba ta zaga ba, nas kuma ta ce a bari sai Litinin. Kar ki yarda. Mu dai a gidajen tsofaffin da na yi aiki nan Ingila, kwana 3 ba bayan gida, magana ta wuce hannun mai kula, sai a sanar da likita.

Akwai wani dattijo mai ciwon mantuwa da aka ɗora wa kodin bayan ya karye a ƙugu. Kodin da mofin da maganin ƙarin jini duk suna ɗaure ciki. Bawan Allah ya daina cin abinci, yana ta finciko rigarsa yana ture mu, cikin nan ya yi tauri kamar ganga. Na faɗa wa babbar nas, ko ɗago kai ba ta yi daga kwamfuta ba, wai halinsa ne. Da ruwa-ruwa ya fara zubo masa a kunzugu sai ta ce ai ga shi ya zaga, har tana zancen maganin gudawa. Alhali busasshen ne ya toshe hanya, ruwan ke tsiyayowa ta gefe. Fitsari ma ya tsaya, sai da motar asibiti. Washegari matar nan, a gaban manaja, ta ce ba wanda ya sanar da ita! Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Don ta ga bizata na hannun gidan ne take taka ni.

Shi ya sa nake cewa ki rubuta komai, da lokaci da sunan wadda kika gaya wa, da lambar bayan gidan a jadawalin Bristol, wato jadawalin da ke rarraba bayan gida bisa tauri ko laushinsa, 1 da 2 su ne masu tauri. In likitansu ya tashi daga aiki, ga 111, lambar neman shawarar lafiya ta gaggawa. In kuwa akwai amai, kumburin ciki, jini, ko iska ba ta fita, 999 kawai, a kira motar asibiti.

Magungunan sassauta ciki irin su senna, lactulose ko Movicol, sai abin da aka rubuta mata, kar tausayi ya sa ki ƙara da kanki. Ki riƙa ba ta ruwa kaɗan-kaɗan, ki zaunar da ita a banɗaki bayan karin kumallo, ki sa mata ɗan kujera ta ɗora ƙafafu. Yau kafin ki sauka aiki, ki sake tunkarar nas ɗin a gaban shaida.