Kiristal ɗin da ke tuna sanyin da ya sha

Tambaya: Malam, ina aji uku a sashen kimiyyar sinadarai. An ce mana wasu kiristal na rukunin MOF (kiristal masu ramuka, waɗanda atom ɗin ƙarfe da sinadarai masu kabon suka haɗu suka gina) suna sauya tsari idan zafi ya canja, alhali ba su narke ba. Yaya daskararren abu zai yi haka bai farfashe ba?

Amsa: 'Yata, kin san ƙyauren ƙarfen shago mai raga, wanda ake turawa ya tattare, a ja shi ya baje? Sandunansa ba sa karyewa, mahaɗansu ne ke juyawa. To, haka wani MOF mai suna MIL-53 yake, wanda ayarin Gérard Férey ya haɗa a Faransa, na kuromiyam a 2002, na alminiyam a 2004. Jerin atom ɗin ƙarfe da na oksijin ne ginshiƙai, sinadarin terefitalet (wanda ake yin gorar roba da shi) kuma shi ne sandunan da suka haɗa su. Ramukan tsakani kan buɗe ko su tsuke, girman kiristal ɗin ya ragu da kusan kashi 40 cikin 100, babu haɗin da ya tsinke.

Abu biyu ke ja-in-ja. Zobban benzin (zobe mai atom shida na kabon) na sandunan suna da ɗan jan juna, suna son matsowa kusa. Amma idan ramin a buɗe yake, sun fi samun sararin kaɗawa, kuma zafi yana goyon bayan wannan walwala. A sanyi jan ne ke rinjaye, a zafi walwalar.

Ga abin da ya fi burge ni. A 2008 an auna na alminiyam da nutiron (ƙananan ƙwayoyi daga cikin atom da ake harbawa don gano tsarin kiristal), babu komai cikin ramukansa. Da ana sanyaya shi, bai tsuke ba sai tsakanin digiri 125 da 150 a ma'aunin Kelbin, wato wajen 123 zuwa 148 ƙasa da sifili a Salshiyas. Da aka juyo ana ɗumama shi kuwa, ya ƙi buɗewa sai tsakanin Kelbin 325 da 375, wato wajen digiri 52 zuwa 102 a Salshiyas. Ke nan a zafin ɗaki kina iya samun samfur biyu, sinadari ɗaya, wannan a buɗe, wancan a tsuke, gwargwadon inda kowanne ya fito. Dalili shi ne ramuka masu ɗimbin yawa ne za su motsa tare, sai an matsa musu sosai.

Idan za ki gwada, ki kiyayi laima. Kika bar shi a iska, ruwa zai shige ramukan ya tsuke su ko da babu sanyi, sai kin gasa shi ya sake buɗewa.