Bilanda ba ta kirɓi: amsoshin tambayoyinku kan kalmomin madafa

Tambayoyin wannan karon kusan duk a madafa suka tare, shi ya sa na haɗa su wuri guda.

Daga Zariya: Malam, muna haɗa wa ƙanwata kayan ɗaki. Wasu sun ce tunda an sayi bilanda ba sai an sayi turmi ba, wai duk niƙa ne. Shin niƙa da markaɗe da daka abu ɗaya ne?

Ba ɗaya ba ne, 'yar'uwa, kuma wannan "duk niƙa ne" tana cikin maganganun da ke damuna ƙwarai. Hausa ta ba kowane aiki sunansa saboda abin da ke fitowa daga kowanne daban yake. Sussuka ita ce raba ƙwayar gero ko dawa da zangarniya. Surfe kuwa a yayyafa wa hatsi ruwa kaɗan a yi ta daka har dusa ta saki ƙwaya: in ruwan ya yi yawa hatsin ya caɓe ya manne wa turmi, in ya yi kaɗan ƙwaya ta farfashe dusa na nan jikinta. Ɓarza ita ce fasa ƙwaya ta zama tsaki. Niƙa mayar da busasshen abu gari ne. Markaɗe na jiƙaƙƙen abu ne, kamar kayan miya, waken ƙosai, shinkafar waina, geron koko. Na san ana cewa "kai niƙa" ko da ƙullu ne, wannan ya zauna a bakin mutane, amma ba wanda ya san Hausa da zai ce ya markaɗa busasshiyar masara. Jajjage shi ne a ɗan daddaka attarugu da albasa su fashe, amma ana ganin ɓarɓashinsu a cikin miya. Kirɓi kuma na abu mai danƙo ne, fura ko sakwara, ana dukansa har ya haɗe jikinsa ya yi laushi.

To, a cikin waɗannan bakwai, markaɗe kaɗai bilanda ta iya sosai, sai ɗan niƙan yaji da citta da kanumfari in tana da ƙaramin kofin busassun kaya. In kika sa mata jajjage za ta mayar miki da shi ruwa mai kumfa, miyar ta canza kama. In kika sa mata fura ko doya, danƙon zai riƙe wuƙaƙen, injin ya yi ta gunji yana zafi har ki ji ƙaurin waya, haƙoran robar nan da ke ƙarƙashin kofin su cinye. Yawancin bilandar da ake cewa ta mutu a nan ta mutu.

Markaɗen ma da ƙa'idarsa. Ruwa ake fara zubawa, sai tumatir, sai tattasai da albasa da aka yayyanka, kada a wuce kashi 2 cikin 3 na kofin. A kunna kamar rabin minti zuwa minti 1, a kashe ta huta, a sake. Waken ƙosai shi ya fi ba mata wuya. A jiƙa shi, a cire bawon tas, a riƙa zuba kamar gwangwanin madara 2 a lokaci guda, da ruwan da zai juya wuƙa kawai. Masu gaggawa sukan tsuga ruwa don injin ya sami sauƙi, sai ƙullu ya tsinke, ƙosai ya baje a kasko ya sha mai. Bayan an markaɗa kuma sai an buga ƙullun da muciya ko ludayi har ya yi haske ya tashi, gishiri kuwa sai dab da suya. Bugun nan ma wani aiki ne mai sunansa.

Ku saya mata turmi, ko da ƙarami ne na jajjage da dakan daddawa.

Daga Katsina: Murhu ne daidai ko murfu?

Duka biyun Hausa ce, bambancin kari ne, kamar tafi da tahi. A rubutu murhu ya fi yawa, jam'insa murahu. Abin da ba daidai ba shi ne a kira marufin tukunya murhu: wannan murfi ne ko marfi, daga rufe.

Daga Maraɗi: Malam, ina kalmar risho ta samo asali? Kuma tsakaninsa da gas da kurfoti wanne ya fi amfani?

Risho daga Faransanci ya shigo, ku ne kuka fi mu kusa da tushensa. Kurfoti kuma, wato murhun gawayi, Ingilishi ne aka lanƙwasa shi ya dace da bakin Bahaushe. Hausa ba ta taɓa ƙyamar aro ba, muddin kalmar ta sa rigar Hausa. Abin da nake ƙi shi ne mutum yana da madafa, ko ma kicin da ya riga ya zauna, ya tsallake su ya jero Turanci tsagwaronsa a tsakiyar jimla don a ce ya waye.

Ga girkin yau da gobe gas ya fi, don ana iya rage wuta a ƙara nan take, abin da sulala tuwo da turara shinkafa ke buƙata. Tukunyar gas ta gida takan zo mai kilo 3, mai 6 da mai 12.5. A tsaye ake ajiye ta, inda iska ke ratsawa. Wuta shuɗiya ita ce lafiyayya. In ta koma ja ko rawaya tana baƙanta gindin tukunya, ramukan kan murhun sun toshe da miyar da ta zuba, a cire a wanke a tsokace su da allura. In ana zargin yoyo, a shafa ruwan sabulu a bakin tiyo da mahaɗarsa, inda ya yi ƙwai-ƙwai nan ne ɓarakar. Kada a gwada da ashana. Risho matsalarsa lagwani ne: in bai daidaita ba ko ya ƙone ya gajarce, sai hayaƙi da warin kalanzir a abinci, kuma ba a ƙara masa kalanzir yana ci. Kurfoti ya fi kowanne iya gashi da dogon dahuwa, amma kada a shiga da shi ɗaki a rufe ƙofa don jin ɗumi da hunturu. Gawayi na fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutum yana barci.

Duk da haka murhun duwatsu bai tafi ko'ina ba. Ran biki, tukunyar da za ta ci mudu 10 na shinkafa a kansa take zama. Kacici-kacicin yara ma bai tsufa ba: uku-uku ta gama gari.

Daga Kumasi: Mene ne asalin "mu ga kamun ludayinsa"?

Daga shan fura da kunu ne. Yadda baƙo ya riƙe ludayi ake gane ko ya saba. Ana faɗa wa sabon shugaba ko sabuwar amarya, ma'ana a jira a ga salon aikinsa kafin a yanke hukunci.

Daga Kano: Me ake nufi da "in dambu ya yi yawa ba ya jin mai"? Na ji wani ya ce wai dambun nama ake nufi.

Wanda ya faɗa miki haka bai tsaya kusa da madambaci ba. Dambun tsaki ake nufi, na masara ko shinkafa ko gero. Warwas yake, ba ya da miya, mai ne ke haɗa shi ya wuce maƙogwaro. Ludayin man da zai jiƙa kwano guda, in aka zuba shi a dambun taro ko alamarsa ba za a gani ba. Ma'anar ita ce abu in ya wuce kima, ɗan abin da ake da shi na gyara ba ya isarsa: matsaloli sun taru, ko masu buƙata sun fi abin rabo yawa. Kuskure ne a yi amfani da ita wurin yabon yalwa, kamar yadda na ga wasu na yi a Facebook.

Madambaci kansa ya cancanci a tsaya a kansa. Dubi ginin kalmar: ma- a gaba, -i a ƙarshe, kamar matankaɗi da maburgi da magogi. Haka Hausa ke ƙera sunan kayan aiki, kuma da wannan awon za mu iya raɗa wa sababbin na'urori suna in mun so. Madambaci dai tukunya ce mai huje-huje a gindi, ana ɗora ta a kan wata mai tafasasshen ruwa. Abu 3 ke ɓata dambu. Ruwan ƙasa ya taɓo gindin madambaci, tsaki ya caɓe. Ko a danna tsakin da hannu, tururi ya rasa hanya, sama ya fito ɗanye. Ko a bar mahaɗar tukwanen a buɗe tururi na tserewa ta gefe, shi ya sa ake naɗe wurin da jiƙaƙƙen tsumma mai tsabta ko a liƙe da ƙullu. A wanke tsaki a tsane shi, a turara sau ɗaya, a juye a warware shi, a haɗa da zogale da albasa da dakakkiyar gyaɗa, a mayar ya ƙarasa. Mai sai an sauke.

Daga Jos: Yaya za a kira tukunyar nan mai dafa wake da sauri?

Ni tukunya mai kulle tururi nake ce mata, don aikinta ke nan. Tururin da ta tsare yana kai zafin ciki wajen digiri 120 maimakon 100, shi ya sa ganda da ƙafar sa da kan kwashe sa'o'i suke nuna cikin ƙasa da sa'a guda, gas kuma ya yi auki. Kada a cika ta fiye da kashi 2 cikin 3, wake kuwa rabi, don kumfarsa na toshe ƙofar tururi. Ba a buɗe ta sai hucin ya sauka gaba ɗaya. In tana fesar da tururi ta gefen murfi, zoben robar ya saki, a canza shi. Gidan da ake yawan dafa wake da nama mai tauri, ina ganin ta fi firiji saurin biyan kuɗinta, musamman inda wuta ba ta zama.

Daga Dutse: Randa da tulu ɗaya ne?

A'a. Tulu na ɗebo ruwa ne, bakinsa tsukakke. Randa babba ce, a girke take, ita ke sanyaya ruwa saboda jikinta na tsattsafo da danshi iska na busar da shi. A jiharku ne ma malamin nan Mohammed Bah Abba ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana tumatir da ganye, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Da rani ta fi aiki. Da damina iska ta riga ta jiƙe, sanyin ba ya kai haka.

Daga Damagaram: Cokali Hausa ce?

Ta zama Hausa tuntuni. Masana na danganta asalinta da harshen Abzinawa.