Ina Kuɗinmu Suke Kwana? Tambayoyin Masu Karatu a Kan Asusun Kasuwar Kuɗi

Wasiƙun wannan watan sun taru a kan abu guda, wato asusun nan da bankuna da manhajojin waya suke tallatawa da sunan asusun kasuwar kuɗi. Mun zaɓi guda shida.

Tambaya: Na zuba naira miliyan biyu a irin wannan asusu ta manhajar waya. Kullum in na duba sai in ga 'yar riba ta hau. Amma har yau ba wanda ya faɗa mini me suke saye da kuɗin. Wace haja ce wannan da ba ta faɗuwa? (Ɗan kasuwa, Kantin Kwari, Kano)

Amsa: Alhaji, hajar tasu bashi ce. Manajan asusun yana haɗa kuɗinka da na dubban mutane, ya ranta wa gwamnati da bankuna da manyan kamfanoni na ɗan gajeren lokaci, su biya da ƙari. Wannan ƙarin ne kake gani yana hawa.

Masu cin bashin kashi uku ne. Na farko Gwamnatin Tarayya, ta takardar bashin baitulmali, wadda ma'aikatan banki suke kira tirezari bil. Babban Bankin Najeriya ne yake gwanjonta a madadin gwamnati, yawanci duk mako biyu, kuma wa'adinta iri uku ne: kwana 91, kwana 182, kwana 364. A cikin abin da ake saye da naira, ita ce mafi aminci, shi ya sa ribarta ta kan fi ta sauran ƙanƙanta.

Na biyu bankuna. Asusun yana ajiye musu kuɗi na wa'adi, kwana 30 ko 60 ko 90, a farashin da aka yi ciniki a kai. Mai ajiye biliyoyi yana samun farashin da mai miliyan biyu ba zai samu ba in shi kaɗai ya je gaban kanta.

Na uku kamfanoni, ta takardar bashin kamfani, wato kwamashal fefa. Kamfanin siminti ko na fulawa ko na sadarwa yana bukatar kuɗin sayen kayan aiki kafin ya sayar da abin da ya sarrafa, sai ya fitar da takarda mai gajeren wa'adi, wanda ba ya wuce shekara guda. Abin lura shi ne yawancin waɗannan takardu ba su da jingina. Sunan kamfanin kawai aka ba bashi. Saboda haka sun fi biyan riba, kuma a nan ne haɗarin asusun ya fi taruwa.

Manajan ba shi da ikon yin yadda ya ga dama. Ƙa'idar Hukumar SEC, mai kula da kasuwar hannun jari, ta hana shi sayen takardar da wa'adinta ya haura kwana 366, ta wajabta masa sa aƙalla kashi 25 cikin ɗari a takardun gwamnati, kuma matsakaicin wa'adin duk abin da ke asusun kada ya wuce kwana 90. Ga yadda ake lissafa shi. A ce asusu yana da naira biliyan 10: biliyan 4 a takardun da saura kwana 150 su cika, biliyan 3 masu kwana 60, biliyan 3 masu kwana 30. Kashi 40 cikin ɗari na 150 ya ba da 60, kashi 30 na 60 ya ba da 18, kashi 30 na 30 ya ba da 9. Jimla kwana 87. Yana cikin ƙa'ida, amma a bakin gaɓa yake.

Tambaya: A jarida na ga an sayar da takardar baitulmali ta shekara guda a kashi 18, amma wani ma'aikacin banki ya ce mini ribarta ta kusa kashi 22. Waye ya yi kuskure? (Malamin makaranta, Zariya)

Amsa: Malam, duk su biyun sun faɗi daidai, ma'aunin ne ya bambanta. Ita wannan takarda ba a biyan ribarta a kai a kai. Rangwame ake yi maka tun ranar saye, ranar cikar wa'adi kuma a ba ka cikakken kuɗin da ke rubuce a fuskarta.

Ɗauki takardar naira miliyan ɗaya, ta kwana 364, a rangwamen kashi 18. Rangwamen zai kama 1,000,000 sau 0.18 sau 364, a raba da 365, wato naira 179,507. Abin da zai fita daga aljihunka ke nan naira 820,493. To ribar nan ta 179,507, a kan 820,493 ka same ta, ba a kan miliyan ba, in ka auna ta haka kuwa ta kai kashi 21.9 a shekara. Jarida ta faɗi rangwame, ma'aikacin banki ya faɗi ainihin riba. Gwargwadon tsawon wa'adi da tsadar kuɗin ruwa, gwargwadon yadda tazarar take buɗewa. A takardar kwana 91 mai rangwamen kashi 16, ainihin ribar kashi 16.7 ce kawai.

Idan za ka gwada asusu da takardar baitulmali, ainihin riba za ka gwada da ainihin riba, sannan ka tambaya ko adadin da asusun ya tallata an riga an cire ladan manaja. Ladan nan ya kan kama daga kashi 1 zuwa 1.5 na kuɗin da ke asusun a shekara, ban da na mai ajiyar kadara da na amintattu da na masu binciken lissafi.

Tambaya: Kuɗin marayun ƙanena ne a hannuna. An ce mini uwar kuɗi ba ta taɓuwa a wannan asusu, kamar ajiyar banki. In sa su? (Wata uwa, Tudun Wada, Kaduna)

Amsa: Hajiya, Allah ya saka da alheri a kan riƙon amana. Wanda ya faɗa miki haka ya faɗi rabi ya bar rabi. Ana ƙoƙarin tsayar da farashin kason asusun, wato kowane ɗan rabo da mai zuba kuɗi yake saya, wuri guda, yawanci naira 1 ko naira 100, kuma galibi yana tsayuwa. Amma ƙoƙari ne, ba lamuni ba. Hukumar NDIC, wadda tun 2024 take lamuncewa mai ajiya a bankin kasuwanci har naira miliyan 5, ba ta lamunce wa wannan asusu ko kwabo.

Hanyoyin asara uku ne, kuma sun kan zo a ɗaure da juna.

Ta farko, wanda aka ba bashi ya kasa biya. Labarin da kowa a wannan sana'a ya sani shi ne na Reserve Primary Fund a Amurka. Asusun yana riƙe da takardun bankin Lehman Brothers na dala miliyan 785, abin da bai kai kashi biyu cikin ɗari na dukiyarsa ba. Lehman ya durƙushe ranar 15 ga Satumba 2008. Washegari farashin kason asusun ya sauko daga dala ɗaya zuwa santi 97. Asarar ba ta taka kara ta karya ba, don daga baya masu kuɗi sun karɓi kusan santi 99 a kowace dala. Abin da ya ci mutane shi ne rufe ƙofa: kowa ya ruga neman nasa a lokaci guda, aka dakatar da biya, aka yi ta raba kuɗin kashi-kashi har fiye da shekara. A nan gida, soke lasisin bankin Heritage a watan Yuni 2024 ya tuna wa mutane cewa banki ma ya kan faɗi, kuma mai babbar ajiya sai ya jira a sayar da kadarori kafin ya ga abin da ya haura lamunin.

Ta biyu, tashin kuɗin ruwa. Takardar naira miliyan ɗaya da saura kwana 180 ta cika, in rangwamen kasuwa ya tashi daga kashi 15 zuwa 20, farashinta ya ragu da kusan naira 24,660. Wadda saura kwana 30 kuwa, naira 4,110 kawai za ta rasa. Dalilin ƙa'idar kwana 90 ke nan. In manajan ya riƙe takardar har ta cika, asarar a rubuce kawai take, ba ta tabbata ba.

Ta uku ita take tabbatar da ta biyu: masu kuɗi su yi tururuwar fita, dole manajan ya sayar da takardu kafin wa'adi, a farashin da kasuwa ta ga dama. Takardar gwamnati tana da masu saye kullum. Ta kamfani ba ta cika samun mai saye da wuri ba.

Shawararmu: kafin ki sa, nemi takardar bayanin asusun ta watan da ya wuce. Duba ko sunansa yana cikin jerin waɗanda SEC ta yi wa rajista, sunan asusun kansa, ba na manhajar kawai ba. Duba makin da kamfanin tantancewa ya ba shi, irin su Agusto ko GCR ko DataPro, da ranar da aka ba shi makin. Duba cewa mai ajiyar kadara wani kamfani ne dabam da manajan. Sai ki duba rabon: nawa ne a gwamnati, nawa a bankuna, nawa a kamfanoni. Asusun da ribarsa ta zarce ta takwarorinsa da kashi uku ko huɗu, a mafi yawan lokuta ya lafta takardun kamfanoni ne ko ya ajiye a bankunan da suke neman kuɗi ido rufe. Ga dukiyar maraya, mu dai za mu zaɓi mai ƙarancin riba wanda takardun gwamnati suka rinjaya. Ki kuma karanta amsa ta biyar kafin ki yanke hukunci.

Tambaya: Lokacin da na shiga an nuna mini kashi 20, yanzu ya sauko. Ba yaudara ba ce? (Ma'aikaciyar jinya, Gombe)

Amsa: A'a, malama. Adadin da aka nuna miki na ranar ne. Duk takardar da ta cika, sabuwa ake saye a farashin yau, don haka cikin wata biyu zuwa uku ribar asusun ta kan bi kasuwa, sama ko ƙasa. A ƙarshen 2020 takardar baitulmali ta faɗi ƙasa da kashi ɗaya. A ƙarshen 2024 kuma Babban Banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5, riba ta yi kyau a ido, amma hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disambar shekarar. Mai kashi 20 a lokacin, kuɗinsa sun ƙaru, buhun shinkafar da za su saya ya ragu. Ki kuma lura da mafi ƙarancin kwanakin zama, sau da yawa kwana 30: wanda ya fita kafin nan ana yanke masa wani kaso na ribar.

Tambaya: Ku fito fili ku faɗa mana: wannan riba halal ce? (Ɗalibin ilmi, Sakkwato)

Amsa: Malam, fatawa ta malamai ce, mu siffar cinikin za mu ba ka. A dukkan takardun nan uku, kuɗi aka bayar don a dawo da kuɗi da ƙarin da aka yanka tun farko, saboda lokaci. Kiran shi rangwame bai sauya komai ba: ka ba da 820,493 ka karɓi miliyan. Malaman da suke zama a kwamitocin Shari'a na cibiyoyin kuɗi suna ɗaukar wannan a matsayin riba ta haramci, shi ya sa bankunan Musulunci irin su Jaiz da TAJ ba su sayen su.

Akwai madadi. Asusun da ke bin Shari'a yana sa kuɗi a murabaha, wato a sayi kaya a sayar da su da ribar da aka sani, a biya bayan wa'adi. Da ajiyar mudaraba, inda ake juya kuɗin a raba ribar da aka samu, a bankunan da ba su ta'ammali da kuɗin ruwa. Da sukuk na ijara, wato takardar mallakar kaso a kadarar da aka ba da haya, inda abin da ake samu kuɗin haya ne. Sai dai a san wani abu: sukuk na Gwamnatin Tarayya na farko, na naira biliyan 100 a 2017, na shekara bakwai ne, waɗanda suka biyo baya ma dogaye ne. Takardun halal masu gajeren wa'adi sun yi ƙaranci a kasuwar naira, saboda haka farashin irin wannan asusu ya fi na wancan motsi. Ka nemi sunayen malaman kwamitin Shari'ar asusun da rahotonsu na shekara, kada ka tsaya ga kalmar halal da aka manna a talla.

Tambaya: Mu da muke da sefa, muna da irin wannan? Kuma da gaske ne gwamnati ba ta taɓa kasa biyan takardarta? (Ɗan kasuwa, Maraɗi)

Amsa: Akwai, Alhaji. Nijar da sauran ƙasashe bakwai masu amfani da sefar Afirka ta Yamma suna sayar da takardun baitulmalinsu a kasuwa guda, ta hannun UMOA-Titres, hukumar yankin da take shirya musu gwanjon, na wata uku da wata shida da shekara, kuma ta bankinka za ka shiga gwanjon.

Game da kasa biya, bambancin yana wurin wanda ke buga kuɗin. Najeriya bashin naira take ci da takardar baitulmali, kuma babban bankinta ne mai naira, don haka abin tsoro a can zubewar darajar kuɗin ne. Nijar kuwa ba ita kaɗai ke da BCEAO, babban bankin da yake buga sefa, ba. Bayan juyin mulkin Yuli 2023, takunkumin da aka ƙaƙaba ya rufe asusun gwamnatin a babban bankin, takardun da wa'adinsu ya cika suka zauna ba a biya ba har bayan da aka ɗage takunkumin a Fabrairu 2024. In asusun da aka tallata maka na takardun ƙasashen yankin ne, tambayi kason kowace ƙasa a ciki, da kwanakin da suka rage wa kowace takarda.