Tambaya da Amsa: An Sa wa Ɗana Roba a Kai, Yaya Zan Kula da Shi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ɗana yana da wata biyar. Tun bayan suna kansa ke ta girma, likitoci suka ce ruwa ne ya taru a ƙwaƙwalwarsa. An yi masa aiki an sa roba daga kai zuwa ciki, har an sallame mu, amma tsoron taɓa kan nake yi. Kakarsa kuma ta ce a riƙa ɗaure kan da ɗankwali don ya daina girma. Me ya kamata in yi?
Wata uwa daga Gusau

AMSA: Wa alaikumus salam. Sannu da jinya, Allah Ya ba shi lafiya.

A ba Kaka haƙuri, kada a ɗaure kan. Kowane mutum ƙwaƙwalwarsa na samar da ruwa kullum, a babba kusan rabin lita, ya zagaya ya koma cikin jini. Idan hanyar ta toshe, ko tun daga ciki, ko bayan sanƙarau, ko zubar jini a ƙwaƙwalwar bakwaini, sai ruwan ya taru. Ƙasusuwan kan jariri ba su haɗe ba, shi ya sa kan ke buɗewa. Ɗauri ba ya rage ruwan ko kaɗan, sai dai ya danne robar ya ji wa fata ciwo. Tsaga da sakiya kuwa ƙofa ce ake buɗe wa ƙwayoyin cuta.

Robar, wadda a asibiti ake ce wa shant, aikinta janye ruwan daga ƙwaƙwalwa zuwa ciki, kuma kashi uku ce: siririn bututu a cikin ƙwaƙwalwa, ɗan bawul mai daidaita fitar ruwan da za ki ji tudunsa a bayan kunne ko sama da shi, sai dogon bututu da ya bi ƙarƙashin fata ta wuya da ƙirji ya sauka ciki. Kada kowa ya riƙa latsa tudun nan.

Har ɗinki ya warke, kwantar da shi ta ɓangaren da ba a yi aikin ba ko rigingine, kina juya shi duk awa 2. Kan yana da nauyi, fatarsa ta miƙe ta yi siriri, ba wuya gyambo ya fito a ƙeya ko kan kunne, don haka ki shimfiɗa masa zani mai laushi ki riƙa dubawa. In za ki ɗauke shi, tafin hannunki ya fara tallafe kai da wuya. A goyo ma zanin ya rufe har ƙeya, kada kan ya riƙa lilo. Nono kaɗan-kaɗan akai-akai, kansa a ɗan ɗage, ki bari ya yi gyatsa. Wurin ɗinki ya zauna a bushe, ba man zafi, ba man shanu, kuma a wanke hannu kafin a taɓa.

Ki sayi tef irin na tela. Sau ɗaya a mako ki zagaya shi saman gira, saman kunnuwa da tudun ƙeya, ki rubuta a bayan katin asibiti. Daga wata 3 zuwa 6 kan jariri kan ƙaru da kamar santimita 1 a wata. In kika ga haka a mako guda, da matsala.

Abin da ya fi damun mu shi ne iyaye su ɗauka aiki ya ƙare tunda an yi tiyata. Roba tana toshewa, tana cirewa daga mahaɗinta, tana kamuwa da ƙwayoyin cuta, musamman a watanni shida na farko. Idan ta toshe, maɗiga za ta kumbura ta yi tauri ko da yana zaune ba ya kuka, amai ya riƙa fita da ƙarfi, kukansa ya yi tsini, barci ya yi yawa har ya ƙi nono, baƙin ido ya sauka ƙasa fari ya fito a samansa. Wani ma jijjiga zai yi. Idan ƙwayoyin cuta ne, zafin jiki zai kai digiri 38 a ma'aunin zafi, fata ta yi ja a kan hanyar robar, ciki ya kumbura, ko ruwa ya riƙa tsattsafowa daga ɗinki. Maɗiga ta lotsa sosai ba tare da gudawa ba, wataƙila robar na janye ruwa fiye da kima. Ko ɗaya kika gani, kada a tsaya kemis da sunan maleriya ko haƙori, kada a jira gari ya waye. A koma inda aka yi aikin, ko asibitin koyarwa mai likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa, kamar na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, na Malam Aminu Kano, ko na Shika a Zariya, a gaya wa mai karɓar kati tun a bakin ƙofa cewa yaron yana da shant.

Ki kula da bayan gidansa, domin taurin ciki na hana ruwan sauka. Rigakafi kuma a ci gaba da yi kamar kowane yaro. Ranar komawa asibiti ki je ko da yana wasa garau, da katin awon kansa a hannu.