Filin Bakanike: Me Ya Sa Notin Babur Yake Kwancewa da Kansa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina haya da Boxer a hanyar ƙauye mai gargada. Kusan kowane mako sai noti ya faɗi, yau na matakin ƙafa, gobe na kariyar ɗaukar kaya. Na sa washa mai tsaga a ko'ina amma ba ta sauya zane ba. Ina mafita? Daga wani ɗan acaɓa, Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ke riƙe noti a wurinsa shi ne miƙewar da namijin, wato ƙarfen da notin ke hawa kansa, yake yi idan an ɗaure shi. Ƙarfe ne, amma yana ɗan miƙewa kamar danƙo, miƙewar da ido ba ya gani, ita ce kuma take matse ƙarafan biyu har su kasa goga juna. Da zarar matsin ya ragu, jijjigar inji mai silinda ɗaya da bugun ramuka sai su fara zamar da ƙarafan gefe da gefe, kowace zamewa kuma tana juya notin baya kaɗan. Wani injiniya Bajamushe, Gerhard Junker, ya nuna haka a 1969 da injin gwaji, har yau da irin gwajinsa ake auna noti. A wannan gwajin washa mai tsaga ba ta taɓuka abin kirki: idan aka ɗaure ta baje, ta zama washa kamar kowace.

Don haka fara duba mazaunin notin. Fenti mai kauri, tsatsa, yashi, ko washa mai laushi da ta lotsa, duk suna murƙushewa bayan kwana biyu, ɗaurin ya saki ba tare da notin ya juya ba ma. Kankare wurin da burushin waya har ƙarfe ya fito, ka wanke zaren, wato tsagar da noti ke bi idan ana murɗa shi, da fetur, ka bari ya bushe. Duba ramin kuma. Idan ya buɗe ya zama kamar ƙwai, to an daɗe ana tafiya da shi a sake, sai an cike shi da walda an sake hudawa, in ba haka ba ko me ka ɗaura zai yi wasa.

Sannan dubi kan namijin. Mai kyau yana ɗauke da lamba 8.8 ko 10.9. Wanda aka rubuta wa 4.8, ko na tire da ba a san asalinsa ba, miƙewa yake ya ƙi komawa, ka ɗaure yau gobe ka same shi sakwa-sakwa. Ka bar irinsa wa lambar babur da robobin jiki.

Game da ƙarfin ɗauri, ƙa'idar da aka saba a ƙananan baburan Japan da masu kwaikwayonsu ita ce wajen Nm 10 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin murɗa noti) ga namiji mai kaurin milimita 6, wanda sifana 10 ke kamawa. Nm 22 ga mai milimita 8, na sifana 12. Nm 34 ga mai milimita 10, na sifana 14. Idan ba ka da sifana mai auna ɗauri, yi lissafi: Nm 10 daidai yake da ka rataya kilo 5 a ƙarshen sifana mai tsawon santimita 20, Nm 22 kuma kilo 11. Littafin baburinka shi ne alƙali idan ya faɗi wani adadi daban. Bayan ka gama, ja layin fenti daga kan notin zuwa jikin ƙarfen. Da safe kallo ɗaya ya isa: idan layin ya rabu, notin ya motsa.

Tambaya: Bakanikena yana zura bututu a sifana ya taka da ƙafa, ya ce haka ne ba zai kwance ba. Gaskiya ne? Daga mai karatu, Maraɗi.

Amsa: Ranka ya daɗe, ka hana shi. Idan aka wuce iyakar ƙarfen, namijin ya miƙe ke nan har abada, ƙarfin matsinsa ya tafi, kuma wata rana zai gutsure a hanya. Abin ya fi muni a jikin inji, domin sanholo ne, zarensa ba ya jurewa. Notin zubar da baƙin mai da fulogi su suka fi shan wannan wahala. Na baƙin mai sabuwar washa ta sanholo ko jan ƙarfe yake so a kowane canji ko biyu, ita ce ke tare yoyo, ƙarin murɗa ba ya tarewa. Kuma a kula, idan zaren yana da mai ko giris, ɗauri iri ɗaya yana jan namijin fiye da na busasshen zare, sai a rage hannu.

Tambaya: Na ga wani gam a ƙaramar kwalba da ake ɗigawa a noti, akwai shuɗi akwai ja. Wanne zan saya? Ko sufa gulu zai wadatar? Daga ɗalibi, Zariya.

Amsa: Ɗan'uwa, sayi shuɗi, irin su Loctite 243. Wannan gam ba iska ke busar da shi ba, sai ya shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe inda iska ba ta kaiwa yake daskarewa, ya cike gurbin da ke tsakanin zaren, ya hana zamewar da muka yi bayani a sama. Wanke zaren da fetur, ya bushe sarai, ka ɗiga ɗigo ɗaya ko biyu a daidai inda macen, wato notin, za ta zauna, ka ɗaure nan take da ƙarfin da ya dace. Yana fara kamawa cikin mintuna, amma sai ya yi awa 24 yake nuna, saboda haka aikin yamma ne, babur ya kwana. Ya dace da matakin ƙafa, kariya, notin madubi, sukurorin murfin sarƙa.

Jan, irin su 271, na wurin da ba a sa ran kwancewa ne. Sai an gasa shi da wuta zuwa wajen digiri 250 kafin ya saki, kuma a kan ƙaramin namiji na milimita 6 kan ne zai tsinke a hannunka ya bar guntu a ciki. Kada kowannensu ya taɓa robar jikin babur, yana tsattsaga wasu robobin. Sufa gulu kuwa bushewa yake tun ba ka gama ɗauri ba, sai ka ji noti ya yi tauri ka ɗauka ya zauna, alhali bai matse komai ba. Naɗa leda ko zaren buhu, da wasu ke yi idan zare ya cinye, rufa ido ne kawai. Cinyayyen zare a jikin inji ana gyara shi da nannaɗaɗɗiyar waya ta Helicoil, ko a sake yanka zare mafi girma.

Tambaya: Notin bakin salansa da na sifoket ɗin baya sun ishe ni, ko noti mai roba a ciki na sa sai ya saki. Daga mai ɗaukar kaya, Mubi.

Amsa: Matsala biyu ce daban, Alhaji. Robar cikin wannan noti ba ta wuce zafin digiri 120 ko kusa da haka, bakin salansa kuwa ya ninka wannan, sai ta narke. Gam shuɗi ma ba ya zama a nan. Sa sabon gasket, wato zoben da ke toshe tsakanin bakin salansa da inji, ka ɗaure notin biyu bi da bi, kaɗan nan kaɗan can, don bakin ya zauna daidai. Gasket ɗin zai lotsa bayan inji ya yi zafi ya huce sau biyu ko uku, sai ka sake matsewa inji yana sanyi. Nemi noti mai kulle na zallan ƙarfe, ko ka sa biyu: ka riƙe na ciki da sifana ɗaya, ka matse na waje a kansa da wata. Duba kuma notin da ke rataye salansa ta baya, domin idan ya faɗi nauyinta duka a bakin yake sauka.

Sifoket kuwa, wato faifan mai haƙora da sarƙa ke bi, kafin ka zargi noti, cire taya ka duba robobin da ke cikin gangar. Idan sun cinye, duk tashi da duk canjin giya bugu ne kai tsaye a kan notin, balle ga mai lodin buhuna. Canza su. Idan baburinka yana da faranti mai kunne a ƙarƙashin notin, sa sabo ka lanƙwasa kunnen a jikinsa, wanda aka taɓa lanƙwasawa karyewa yake. Noti mai roba yana aiki a nan, amma ranar da ka iya murɗa shi da yatsu har ƙarshe, ya gama aiki.

Tun da tayar tana ƙasa, duba sandar da ke riƙe farantin birkin baya da notin gatarin taya. Duk inda ka ga noti mai tsaga a kai da huda a jikin namiji, wurin fin ne mai ƙafa biyu, a zura a buɗe ƙafafun. Kada a sa ƙusa ko guntun waya a madadinsa, kuma idan hudar ba ta zo daidai da tsagar ba, a ƙara matsewa kaɗan, kada a sassauta. Idan wannan sandar ta kuɓuce, farantin zai bi taya ya juya da zarar ka taka birki, ya naɗe wayar birkin ya ƙulle tayar ana cikin gudu.