Amsa: Sayar wa kamfani sunan filin Pillars

Malam, ka tambaya ko laƙaba wa filinmu sunan kamfani zai rage wa Pillars wani abu. Ya danganta da filin. Arsenal sabon fili suka tare a 2006, shi ya sa sunan kamfanin jiragen sama na Emirates ya zauna a baki. Newcastle kuwa, da aka mai da St James' Park ya koma Sports Direct Arena a 2011, magoya baya suka ce ba su san zance ba, sai da aka dawo da tsohon suna a 2012. Mu nan ranar wasa ka tare ɗan sahu ka ce "Ƙofar Mata", ko sunan filin, Sani Abacha, ba ka ambata ba ya gane. Kamfani ya gyara ciyawa, ya kafa allonsa, na yarda. Sunan dai a bar mana.